Kajin da Na Ba Gwaggo

Shekara huɗu ke nan ina Faransa ba takardar izinin zama. Sau ɗaya na kusa samun ta, a Liyon. Na zubar da ita da hannuna saboda kaji biyu da na ba wata kada.

Sunana Idi. Basarke ne ni, daga wani ƙauye a bakin kogi, ƙasa da Gaya. Ubana masunci, ubansa masunci. A gidanmu ba a cin naman kada, ba a kuma kiran sunansa a bakin ruwa. Bayan ƙauyenmu akwai wani gurbi mai zurfi da tsohon kada a ciki. Duk Juma'a kafin masallaci Baba yakan kai masa rabonsa, kaza ko kan akuya ko kifin da ya fi girma a kamun safiya. Limamin garinmu ya sha yi masa faɗa a kai. Baba ya ce ba bauta ba ce, maƙwabtaka ce, tunda ruwansa muke shiga muna kwasar abincinsa. In kuma wani kada ya addabi wani gari yana ɗaukar awaki, mu ake kira. Ba ma kashewa. Mu kama, mu ɗaure, mu kai nesa mu saki. Abin da na iya ke nan.

Wurin farko da na sauka Lakurnev ne, bayan Paris, cikin dogayen benayen nan masu kama da juna. Alhaji Tanko ya karɓe ni. Mutumin Damagaram ne, da can yana sayen bandar kifi a hannun Baba, yanzu direba ne a wani ofishi. Ya ba ni katifa a falo, hawa na goma sha ɗaya. Da safe in naɗe ta kafin yara su fito. Ban iya zaman ɗakin ba. Tagar ba ta buɗuwa sai kamar tafin hannu, duk inda ka duba kuma siminti ne. Sai in sauka in yi ta tafiya. Wata rana ƙafa ta kai ni wani ruwa a San-Deni da aka gina wa bango hagu da dama. Na leƙa. Keke a ciki, kwalabe, agwagi uku. Ba abin da ke ƙarƙashin ruwan nan da zai sa akuya ta yi tunani kafin ta sha. Duk da haka kullum sai na koma.

Daga nan sai Runjis, babbar kasuwar abinci. Aka sa ni ɓangaren kifi ina ɗaukar akwatunan ƙanƙara. Da takardar wani Lawali na shiga, ɗan ƙasarmu, wanda ya fi ni haske ya kuma fi ni ƙiba. Ba wanda ya duba hoton. Shekara biyu ina amsa Lawali, har ta kai Alhaji ya kira Idi sau biyu ban waiga ba. Hannuwana suka tsage, suka warke, suka sake tsagewa.

Alkawarinmu da Lawali, in lokaci ya yi zai rubuta cewa ni ne na yi aikin da sunansa, don da wannan shaida ake neman takarda. Lokaci ya yi, ya sauya lambar waya. Na yi sati uku ina gadin tashar San-Deni kafin na gan shi. Na yi masa sallama da Hausa, ya amsa da Faransanci, irin amsar da ake yi wa mai roƙo. Na dubi wuyansa. Na san inda ake riƙewa. Na sa hannuwana aljihu na wuce.

Aikin ya tafi tare da sunan. Lokacin sanyi ne. Ban so in zauna kan tukunyar Hajiya, matar Alhaji, sau uku a rana ba, sai in ce na ci a waje. Wata uku na yi haka. Burodi da ruwan zafi, wani lokaci miyar da wasu tsofaffin Turawa ke rabawa a bakin tasha. Ɗaya daga cikinsu kullum sai ta ƙara mini ludayi, ba ta taɓa tambayar sunana ba. A nan na san yunwa cikin sanyi. Ba irin ta gida ba ce. Har cikin ƙashi take shiga.

Ran nan aka yi suna a gidan Alhaji. Ina raba shayi ya ce wa baƙi, "Ku yi hankali da wannan, Sarkin Ruwa ne. Kada yake kamawa da hannu."

"Shi ya sa yake daɗewa a bahon wanka," in ji wani.

Aka yi dariya. Wata budurwa ba ta yi ba. Rabi ce, ɗiyar ƙanen Alhaji, tana karatun likitan dabbobi a Liyon. Ta biyo ni madafa.

"Kawu Idi, gaskiya ce ko zolayar Baba Alhaji ce?"

"Ba da hannu ba. Da igiya da tsumma."

"Tsumman na mene ne?"

"Na ido. In bai gani ba lafawa yake."

Ta ajiye kofinta. "Inda nake gwajin aiki ana neman mutum. Uku sun zo. Biyu sun gudu, ɗaya ya yi ta ɗaukar kansa hoto har aka kore shi."

"Ba ni da takarda."

"Na sani. Duk gidan nan an sani."

Bayan kwana huɗu na shiga mota zuwa Liyon da jaka ɗaya da bargon da Hajiya ta ba ni.

Wurin yana bayan gari. Babban ɗakin gilashi ne, da macizai da kunkuru da ƙadangaru, 'yan makaranta na zuwa kallo. Mai wurin Madam Odil, gajeruwa, ta haura sittin, yatsanta ɗaya guntu ne. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kai ni ƙarshen ɗakin, inda aka yi tafki na siminti da rairayi a gefe. Abin yana kwance a rairayin.

Na ce wa Rabi, "Wannan ba irin namu ba ne."

"Ɗan'uwan kada ne. Aligato. Mace ce."

Tsawonta ya kai ni da rabi. Baƙa kamar tsohuwar tayar mota. Bakinta faɗi ne, mai zagaye kamar shebur. Namu bakinsa tsini, kuma ko ya rufe shi babban haƙorin nan na ƙasa yana waje. Ita in ta rufe, na ƙasa duk shigewa suke. Madam ta miƙo mini tsintsiya ta buɗe ƙofar. Na shiga ta gefen da take ganina, na share, na fito. Madam ta ce, "Ba ka shiga tsakaninta da ruwa ba." Faransancin kasuwa gare ni, amma na ji wannan. Ta ce in na kai ƙarshen shekara za ta sa hannu a takardar da mai ba da aiki ke cikawa, wadda ake kaiwa ofishin gwamnati. Ta ba ni ɗaki a saman ma'ajiya, da makullin firji.

Madam tana kiran ta Josefin. Ni ba na kiran suna a bakin ruwa. Gwaggo nake ce mata.

Rabi na zuwa sau biyu a sati, in tana aiki bakinta ba ya hutawa. Daga wurinta na ji cewa asalin Gwaggo kudancin ƙasar Amirka ne, yankin fadama da ruwa mai tafiya a hankali, kuma ba ta iya zaman ruwan gishiri. In rani ya yi a can, irinsu kan tona rami da baki da ƙafa har ruwa ya taru, kifi da tsuntsaye su rayu a kansa. Ba sa binne ƙwai a rairayi kamar namu. Ciyawa da laka suke tarawa tsibi, ruɓewar ciyawar ita ke ɗumama ƙwan. Ta ce zafin tsibin ne ma ke sa ɗan ya fito namiji ko mace. Wannan ban yarda ba, amma ban yi musu ba.

Sau ɗaya a sati ake ba ta abinci. Na roƙa a mai da shi Juma'a. Madam ta ɗaga kafaɗa ta ce to. In na doso da bokiti sai in buga shi sau biyu, sai ka ga idanu biyu da hanci sun taso suna tahowa, ruwan ko motsi ba ya yi. Ba ta taunawa. Ta ɗaga kai sama ta haɗiye. Da zafi ya fara, wata safiya ta ɗaga kai da wutsiya ta yi wani gurnani da ya sa gilashin rawa, na ji shi a ƙirjina. Na ajiye tiyo na zauna a ƙasa. Tun da na bar gida ban ji abin da ya yi kama da kogi ba sai ranar.

Ranar hutu ban san abin yi da kaina ba. Liyon koguna biyu gare ta. In bi ɗaya in gangara har inda suka haɗu, in bi ɗayan in dawo, ina lissafa watannin da suka rage.

Da ganye ya fara zuba, Madam ta rage zafin ɗakin Gwaggo, kaɗan-kaɗan. Sannan ta ce daga yau ba abinci sai sanyi ya wuce. Na ji ta sarai. Na jira Rabi.

"Tambaye ta, wuta take tsimi ko nama?"

"Ba ko ɗaya, Kawu. A ƙasarsu ana sanyi, wani wurin har ruwa ya daskare. Sai ta kwanta ta bar hanci a waje. Jikinta zafin wuri yake bi. In wuri ya huce cikinta tsayawa yake, ba ya niƙa komai. Hutu ne, jikinta na son sa."

"Wata nawa?"

"Huɗu. Ko biyar."

"Ke kin taɓa yin wata huɗu?"

"Ni ba aligato ba ce."

"Ita ta gaya miki tana so?"

"Kai, Kawu."

Na san namu ma yakan shige rami da rani ya daɗe bai ci ba. Amma wannan Allah ne ya janye ruwa, ba mutum ne ya murɗa maɓalli ba. Kuma duk mai gidan da na taɓa yi wa aiki a ƙasar nan, in zai rage wani abu, yana da bayani mai daɗi.

Juma'a ta farko ta wuce. Ta biyu. Ta uku. In wuce da bokitin wanki, ya bugi ƙofa, in ga idanun sun taso, sannan su koma. Na kasa cin abincina. In zauna da kwano a ɗakina, ita tana can ƙasa cikin ruwan sanyi, sai in rufe kwanon. Na yi ta tuna bakin tashar nan da ludayin tsohuwa.

Juma'a ta huɗu rana ta fito sosai. Gilashi ya ɗau ɗumi, Gwaggo ta hau rairayi. Madam ta tafi gari. Ban taɓa firjinta ba. Na je wurin mahauci na sayo kaji biyu, na buga bokiti sau biyu. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta karɓi ta farko, ta karɓi ta biyu. Na wanke bokitin na tafi masallaci. Ranar na cinye kwanona tas.

Washegari sanyi ya sauko da ƙarfi, ciyawar waje ta yi fari. Gwaggo ta koma ƙasan ruwa.

Bayan sati biyu na same ta a saman ruwa, a karkace, ɓangaren dama sama. Ta yi ƙoƙarin nitsewa, ta sake tasowa kamar gora. Idonta rabi a rufe. Madam ta kira Rabi, Rabi ta kira malaminta a waya. Suka ce huhu ne, sanyi ya kama shi, a fara allura. Ina tsaye da tsintsiya ina ji. A kan teburin Madam kuwa takardata ce, an cika, an ajiye cikin wani koren bangon takardu. Saura sati uku ta sa hannu.

Ranar ban faɗi maganar kajin ba. Na ce a raina wataƙila huhun ne. Washegari na sunkuya kusa da bakinta na ji wari. Na san warin. Na taɓa buɗe cikin kadan da ya mutu a komar kamun kifi.

Na tare Rabi a wajen famfo.

"Ba huhu ba ne."

"Yaya aka yi ka sani?"

"Kaji biyu ne."

Ta rufe famfon. "Yaushe?"

"Juma'ar da aka yi rana."

"Da ƙashi?"

"Da komai."

Ta dafa kai. "Suna can suna ruɓewa. Iskar ce ta taso da ita. In ya shiga jini shi ke nan." Ta dubi wajen ofis, ta rage murya. "Bari in ce ina so a ɗauki hoton cikinta. Sai a ce a hoto aka gani. A ce wani ɗan kallo ne ya jefa."

"Hoton yaushe?"

"Sai an kawo na'ura. Jibi, ko gata."

"Za ta kai?"

Na sake tambayar ta.

"Ke kuma karatunki, in aka gane kin yi ƙarya?"

"Wannan nawa ne, Kawu. Kai ka san abin da ke kan teburin nan?"

"Ni nake share teburin."

Na shiga ofis ban ƙwanƙwasa ba. Na faɗa da Faransancina, kalma biyar ko shida. Madam ta cire tabarau. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Nawa?" Na ɗaga yatsa biyu. Ta ɗauki waya.

Aka ɗaga zafin ɗakin a hankali. Kafin azahar malamin Rabi ya iso da dogon tiyo da wani guntun bututu mai kauri. Ya ce za a wanke cikin, amma ba zai yi mata allurar barci ba, jikinta ya yi sanyi da yawa, ba lallai ta farka ba. Sai an riƙe ta a farke. Suka dubi juna. Na cire takalmi.

Ruwan ya kai mini cinya, sanyinsa kamar yanka. Na zo ta bayan kafaɗarta, na jefa jiƙaƙƙen tsumma a idonta. Ta yi wata bugu da wutsiya da ta same ni a haƙarƙari, na ji abu ya ce ƙas. Ban saki ba. Na haye bayan wuyanta na danne kan da nauyina. Ƙarfin bakin kada duk a rufewa yake, buɗewa ba shi da wani ƙarfi, nan ita da namu ɗaya suke. Muka ja ta kan katako mu huɗu, muka ɗaure. Malamin ya taɓa hancinta, ta buɗe, ya sa bututun, ta datse a kai, na naɗe bakin da igiya. Ta cikin bututun aka zura tiyo. Aka cika cikin da ruwan ɗumi, aka karkata katakon kanta ƙasa, ni da Rabi muna matsa gefenta.

Abin da ya fito ba zan kwatanta ba. Madam ta fita waje ta dawo. Sau biyar aka yi. Ƙafar kaza ta fito yadda na saye ta, sai dai launi. Har da duwatsu uku masu santsi.

Na ce wa Rabi, "A wurinmu cewa ake duk shekara dutse ɗaya yake haɗiya."

"To ashe shekararta uku," in ji ta. "Matsa nan, Kawu, bar lissafi."

Duk lokacin ina magana da Gwaggo a hankali, da Hausa. Haƙuri nake ba ta. Malamin ya tambayi Rabi me nake cewa, ta ce addu'a ce.

Kwana shida aka bar ta a ruwan ɗumi mara zurfi ana yi mata allura, ni nake riƙewa, da ƙirji a ɗaure. Ran na bakwai ta nitse ta zauna a ƙasa daidai.

Ran na takwas Madam ta kira ni ofis, ta sa Rabi ta zauna don kar wata kalma ta ɓace. Ta ce tun da ta buɗe wurin ba ta ga wanda ya riƙe dabba kamar ni ba. Ta ce kuma ta san abin da faɗin gaskiyar ya ci mini. Sannan ta nuna ɗakin macizai da guntun yatsanta. Ta ce a can akwai waɗanda in mutum ya yi abin da ransa ya ba shi a ɓoye, ba dabba ce za ta mutu ba, ɗan makaranta ne. Ta ce ta hana, na ji, na yi. Ba za ta iya sa hannu cewa za ta riƙe ni shekaru ba, alhali ba za ta iya ba ni makulli ta tafi gari ba.

Rabi ta tsaya da fassara ta fara roƙo. Na ce ta bari.

"Kawu, ka ce wani abu mana."

"Gaskiyarta ce."

"Shi ke nan?"

"Ki tambaye ta yaushe za a fara ba ta abinci."

Madam ta ce ba da wuri ba, kuma ɗan kifi ƙarami za a fara da shi. Na ce to. Na ajiye makulli. Ta rubuta mini shaidar cewa na yi mata aiki wata goma, da sunana na gaskiya, ta buga hatimi. Ta bar ni a ɗakin har haƙarƙarina ya haɗe. Koren bangon ta mai da shi cikin durowa.

Ban je na yi wa Gwaggo sallama ba. Ƙofar a kulle take, ni kuma ba ni da makulli.

Alhaji ya kira ya ce in dawo, katifa na nan. Na yi godiya. Ban koma ba. Yanzu ina Liyon, unguwar Giyotiyar, mu huɗu a ɗaki. Ina wanke akwatuna a wata kasuwar kayan lambu, ranar da aka kira ni. Rabi ta ce Gwaggo tana ci. Shaidar wata goma tana cikin leda a aljihun rigata, ina neman wanda zai ba ni aikin da za a ɗora a kanta. Takarda ba ta fito ba.